Jan ƙashin baya ba tare da tiyata ba

Jan ƙashin baya ba tare da tiyata ba hanya ce ta jinyar ciwon baya da ciwon wuya. Ana kwantar da majinyaci a kan wani gado na musamman, a ɗaure masa ƙugu ko a tallafe masa kai, sannan na'ura ta riƙa jan sa a hankali tana sassautawa. Manufar ita ce a ɗan buɗe tsakanin ƙasusuwan gadon baya, domin a rage matsin da ke kan faifan da ke tsakaninsu da kuma jijiyoyin da ke fitowa ta wurin. An fi yin sa ga masu fama da zamewar faifan baya, da masu ciwon da ke tasowa daga kwankwaso ya gangara ƙafa, ko daga wuya ya gangara hannu.

Jan jiki domin gyaran ƙashi tsohuwar dabara ce a duniya, kuma sananniya ce a ƙasar Hausa wajen masu ɗori. Sabon abu shi ne gadon da kwamfuta ke sarrafawa, wanda ya fara yaɗuwa daga Kanada da Amurka a farkon shekarun 1990. Masu ƙera irin wannan gado suna cewa ya sha bamban da tsohuwar hanyar ja, amma manyan nazarce-nazarce ba su tabbatar da cewa ya fi sauran hanyoyin jinya amfani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar a yi amfani da ja wajen jinyar ciwon baya mai daɗewa ba.

Yadda gadon baya yake

Gadon bayan ɗan Adam ya ƙunshi ƙananan ƙasusuwa 33 a jere, ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a kwankwaso, sai 5 da suka manne da juna a ƙugu, da wasu 4 ƙanana a can ƙarshe. A tsakanin waɗanda ke motsi akwai faya-fayai 23 na guringuntsi. Kowane faifai yana da ɓangare biyu, wato zobe mai tauri a waje da kuma tsakiya mai laushi wadda yawancinta ruwa ne. Aikin faifan shi ne ɗaukar nauyi, da rage girgiza, da ba wa baya damar lanƙwasawa. Laka tana bi ta cikin wani rami a bayan faya-fayan, jijiyoyi kuma suna fita ta ƙananan kafofi a dama da hagu zuwa hannuwa da ƙafafu.

Tsakiyar faifan babban mutum ba ta da hanyoyin jini. Abincinta yana shiga ne ta hanyar tsatsafowa daga ƙasusuwan da ke sama da ƙasa da ita, kuma motsin jiki yana taimaka wa wannan. Da rana nauyin jiki yana matse ruwan ya fita, da dare idan an kwanta ya koma. Shi ya sa mutum yake ɗara tsawonsa na yamma da kimanin santimita 1 zuwa 2 idan ya tashi da safe. A shekarun 1960, likitan ƙashi ɗan ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, ya auna matsin da ke cikin faifan mutane masu rai, ya nuna cewa matsin yana raguwa a kwance, yana ƙaruwa sosai idan an sunkuya ana ɗaga kaya.

Zamewar faifai

Idan zoben waje ya raunana ko ya tsage, tsakiyar tana iya turowa waje. Wannan shi ake kira zamewar faifai, ko da yake faifan ba ya barin wurinsa gaba ɗaya. Abin da ya turo yana iya danne jijiya, kuma sinadaran da ke cikinsa suna sa jijiyar ta kumbura. Daga nan sai a ji zugi yana gangarawa ta ɗuwawu da bayan cinya har zuwa tafin ƙafa, ko sagewa, ko jin kamar ana tsira allura, wani lokaci har da raunin ƙafa. Mafi yawan zamewar da ke faruwa a kwankwaso tana aukuwa ne a faya-fayai biyu na can ƙasa. A wuya kuwa, faya-fayan da ke ƙasan wuya ne suka fi kamuwa, ciwon kuma ya bi kafaɗa zuwa yatsu.

Likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, William Mixter da Joseph Barr, su ne suka fito da alaƙar zamewar faifai da ciwon ƙafa a fili cikin rahoton da suka buga a 1934. Daga baya an gano abubuwa biyu da suka sauya yadda ake kallon cutar. Na farko, mutane da yawa suna da turowar faifai ba tare da jin wani ciwo ba. Wani bincike da aka buga a 1994 ya ɗauki hoton MRI na mutum 98 da ba sa ciwon baya, aka tarar fiye da rabinsu suna da faifan da ya ɗan kumburo. Na biyu, jiki da kansa yakan shanye abin da ya turo. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike da dama ya nuna hakan na faruwa ga kimanin biyu bisa uku na masu zamewar faifan kwankwaso. Galibin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba.

Tarihi

Ana danganta farkon rubutaccen bayani kan jan gadon baya ga Hippocrates, likitan Girka da ya rayu kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya bayyana wani gadon katako da ake ɗaure majinyaci da igiyoyi a ƙirji da ƙugu, a ja shi ta ɓangarori biyu, mai magani kuma ya danna wurin da ya karkace. Likitocin Musulunci sun gaji dabarar suka faɗaɗa ta. Ibn Sina ya yi bayanin jan baya domin gyara gocewar ƙashi a littafinsa Al-Ƙanun fid-Ɗibb, wanda ya kammala a 1025.

A shekarun 1950, likitan Ingila James Cyriax ya farfaɗo da jan kwankwaso a matsayin maganin zamewar faifai, hanyar ta zama ruwan dare a sassan gashin ƙashi na asibitoci, inda ma'aikata ke kiran ta tirakshan. Da farko ana amfani da igiya da nauyin da ake ratayawa, daga baya aka koma injin lantarki.

Gadon zamani na farko da aka tallata da sunan sassauta matsin faifai shi ne VAX-D, wanda Allan Dyer, likita kuma tsohon babban jami'i a ma'aikatar lafiya ta lardin Ontario a Kanada, ya ƙirƙira. Wasu na'urori sun biyo baya, mafi shahara a cikinsu ita ce DRX9000, wadda kamfanin Axiom Worldwide na jihar Florida ya fara ƙerawa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da izinin sayar da irin waɗannan na'urori ne a rukunin injinan ja, bisa hujjar cewa sun yi kama da waɗanda ake da su tun da. Izinin ba shaida ba ne cewa sun fi tsofaffin aiki.

Yadda ake yi

Kafin a fara, likita ko masanin gashin ƙashi yana tambayar tarihin ciwon, ya gwada ƙarfin ƙafafu ko hannuwa da yadda fata ke jin taɓi, ya duba hoton ƙashi ko na MRI idan akwai buƙata.

A jan kwankwaso, majinyaci yana kwanciya da tufafinsa, a rigingine ko rub da ciki, gwargwadon irin gadon. Ana ɗaura masa ɗamara ɗaya a ƙugu, wata a ƙasan haƙarƙari. Rabin gadon na ƙasa yana zamewa, don haka idan inji ya ja ɗamarar ƙugu, ƙarfin yana sauka a kan kwankwaso. Ana farawa da ƙaramin ƙarfi, a riƙa ƙarawa daga zama zuwa zama, wani lokaci har ya kai kusan rabin nauyin jikin mutum. Injin yana ja na kimanin minti ɗaya, ya sassauta na ɗan lokaci, ya sake ja. Akan ba majinyaci wani maɓalli a hannu wanda zai danna ya tsayar da na'urar nan take idan ya ji ba daɗi.

A jan wuya, ana kwantar da mutum a rigingine, a tallafe ƙeyarsa da wasu matasai biyu, a ɗan sunkuyar da kai gaba, sannan a ja da ƙarfin da bai kai na kwankwaso ba ko kusa. Akwai kuma jan da ake yi da hannu, inda masanin gashin ƙashi yake riƙe ƙeya da haɓa ya ja a hankali.

Zama ɗaya yakan ɗauki minti 20 zuwa 45. Cibiyoyin da ke amfani da gadon kwamfuta sukan tsara zama 15 zuwa 30 cikin mako huɗu zuwa shida, tare da gasa wurin da ɗumi ko sanyi da kuma atisaye.

Yadda ake zaton yana aiki

Masu goyon bayan hanyar suna kawo dalilai uku. Na ɗaya, buɗe tsakanin ƙasusuwa yana rage matsi a cikin faifai har ya zama kamar zuƙa, wadda za ta iya janyo abin da ya turo ya koma ciki. Na biyu, ja da sassautawa yana sa ruwa da abinci su shiga faifan. Na uku, kafar da jijiya ke fita tana ƙara faɗi. Suna kuma cewa kwamfuta tana ƙara ƙarfin jan sannu a hankali yadda tsokar baya ba za ta ɗaure ba.

Hujjar da aka fi kafawa da ita ita ce binciken Gustavo Ramos da William Martin na 1994, waɗanda suka sa ma'auni a cikin faifan wasu majinyata suka ga matsin ya faɗi ƙasa sosai yayin da VAX-D ke ja. Sai dai mutanen da aka gwada ba su kai goma ba, kuma binciken ya auna matsi ne kawai, bai auna warkewa ba. Hotunan da ake ɗauka lokacin ja suna nuna tsakanin ƙasusuwa yana buɗewa da 'yan milimitoci, amma da zarar mutum ya miƙe tsaye nauyin jikinsa ya dawo, buɗewar ba ta daɗewa.

Abin da bincike ya nuna

A 1995, mujallar The Lancet ta buga gwajin da aka yi a ƙasar Holan kan mutum 151 masu ciwon baya. An yi wa wasu ja mai ƙarfi, wasu kuma jan da bai kai ya yi wani tasiri ba, ba tare da sun san bambancin ba. Ba a ga wani bambanci a sakamakonsu ba. A 2013, ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 32 da suka ƙunshi mutum 2,762, ta kammala cewa ja, shi kaɗai ko haɗe da wata jinya, ba ya yin tasiri a kan ciwon baya ko komawa aiki, in ma ya yi to ɗan kaɗan ne. A 2016 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce kada a yi wa masu ciwon kwankwaso ja, ko da ciwon yana gangarawa ƙafa. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamba 2023 kan ciwon baya mai daɗewa su ma sun sa ja cikin abubuwan da bai kamata a riƙa yi wa yawancin majinyata ba.

Game da wuya, lamarin bai fito fili haka ba. Nazarin Cochrane na 2008 bai sami isasshiyar hujjar da za ta tabbatar da amfanin jan wuya ko ta kore shi ba. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2014 ya nuna cewa masu ciwon wuya mai gangarawa hannu da aka haɗa wa atisaye da jan inji sun fi waɗanda suka yi atisaye kaɗai samun sauƙi bayan wata shida da shekara ɗaya. Saboda haka masana da yawa suna ganin jan wuya yana da gurbi idan an haɗa shi da atisaye.

Rahotannin da ke nuna babbar nasara ga gadajen kwamfuta galibi ba su da rukunin kwatance, wasu kuma kamfanonin na'urorin ne suka ɗauki nauyinsu. Tunda yawancin masu zamewar faifai suna samun sauƙi da kansu cikin makonni, wanda ya yi wata ɗaya yana hawa gado ya ji sauƙi ba zai iya tantance ko gadon ne ko lokaci ne ya yi aiki ba. A 2007 hukumomin jihar Oregon sun sa kamfanin Axiom Worldwide ya daina wasu iƙirarin da ake yi a tallan DRX9000. Shirin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, Medicare, ba ya biyan kuɗin jinya da VAX-D.

Illoli da waɗanda bai dace a yi wa ba

Ga mafi yawan mutane illar ba ta wuce tsamin jiki, ko ɗaurewar tsoka, ko ƙaruwar ciwo na ɗan lokaci ba. Mummunar illa ba ta cika faruwa ba, amma a 2003 likitocin Mayo Clinic sun ba da rahoton wani majinyaci da zamewar faifansa ta ƙaru farat ɗaya yana kan gadon ja, har sai da aka yi masa tiyatar gaggawa.

Ba a yin jan baya ko wuya ga:

• mace mai juna biyu, musamman jan kwankwaso;
• wanda ya karye ko ya goce a gadon baya;
• mai raunin ƙashi, kamar yadda ake samu ga tsofaffi;
• mai ciwon daji ko ƙari a gadon baya;
• mai cutar da ƙwayoyin cuta suka ci ƙashin baya, kamar tarin fuka na ƙashi;
• wanda aka sa wa ƙarfe a baya;
• mai kumburin babbar jijiyar jini ta ciki;
• mai amosanin gaɓɓai da ya taɓa ƙasusuwan wuya.

Akwai alamomin da ke buƙatar zuwa asibiti ba tare da jinkiri ba: kasa yin fitsari ko kasa riƙe shi, kasa riƙe bayan gida, mutuwar fata a tsakanin cinyoyi, raunin ƙafa da ke ƙaruwa, ciwon baya tare da zazzaɓi ko rama ko gumin dare, da ciwon da ya biyo bayan haɗari ko faɗuwa. Idan jijiyoyin ƙarshen laka suka danne, jinkirin kwana ɗaya ko biyu yana iya jawo nakasa ta dindindin.

A Jihar Kebbi da arewacin Najeriya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon kwankwaso a duniya a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki. Sana'o'in da suka fi yawa a ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama suna cikin masu wahalar da baya: noma da fartanya a sunkuye, dashen albasa da shinkafa a fadama, dakon buhuna a kasuwar Jega da kasuwar albasa ta Aliero, da doguwar tafiya a kan babur. Mata kuma suna da daka, da ɗebo ruwa da itace a ka, da goyo.

Garin Aliero ya yi suna wajen ɗorin gargajiya, sana'ar da ake gado a cikin gidaje, kuma majinyata suna zuwa daga sassan Najeriya da ƙasashe maƙwabta. Ja yana cikin ginshiƙan ɗori: maɗori yakan ja hannu ko ƙafar da ta karye domin ƙashi ya koma daidai kafin a ɗaure. Saboda wannan suna, masu ciwon baya ma sukan fara neman taimako wajen masu ɗori, ko wajen wanzamai domin ƙaho da tsaga, ko wajen masu tausa. Amma gadon baya ya bambanta da ƙashin hannu ko na ƙafa, domin laka tana cikinsa, kuma ba a iya gane abin da ke damun faifai ko ƙashin baya ta hanyar lalube da hannu. Tarin fuka na ƙashin baya, wanda har yanzu ake samu a Najeriya, yakan fara ne da ciwon baya kamar kowane, kafin ƙusumbi ya fito ko ƙafafu su shanye. Masu sikila su ma ƙasusuwan bayansu kan yi rauni. Jan irin wannan baya ko danna shi da ƙarfi, da hannu ne ko da inji, yana iya shanye ƙafafu. Wannan ne ya sa likitocin ƙashi suke nanata a yi bincike kafin kowane irin ja.

Aikin gashin ƙashi na zamani ya shigo Najeriya a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, Jami'ar Ibadan kuma ta fara ba da digiri a fannin a 1966. A arewa, Jami'ar Bayero ta Kano tana cikin masu horar da ma'aikatan. Hukumar MRTB, wadda aka kafa da doka a 1988, ita ke yi musu rajista, kuma majinyaci yana da damar tambayar ko mai yi masa jinya yana da lasisinta. Mazauna yankin Jega sukan fara da babban asibitin garinsu, daga nan a tura su Birnin Kebbi, inda akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da Asibitin Koyarwa na Tarayya. Masu buƙatar tiyatar laka akan tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, wanda ke da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, ko Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

Sauran hanyoyin jinya

Ƙa'idojin jinya na yanzu sun fi ba da ƙarfi ga ci gaba da motsi gwargwadon iko maimakon doguwar kwanciya, da atisayen ƙarfafa tsokar ciki da ta baya a ƙarƙashin kulawar masani, da tafiya a ƙasa, da gasa wurin da ɗumi. Ana amfani da magungunan rage kumburi irin su ibuprofen da diclofenac na ɗan gajeren lokaci, amma yawan shan su yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Tramadol da danginsa suna sa jaraba, ba a shan su sai da umarnin likita. Wajen ɗaga kaya, ana so a durƙusa da gwiwa, a matso da kayan kusa da jiki, a guji murɗa baya, a raba babban buhu ko a kama shi mutum biyu. Barin shan taba da rage ƙiba suna taimaka wa lafiyar faifai.

Idan ciwon ƙafa ya yi tsanani, likita yana iya yin allura a kusa da jijiyar domin rage kumburi na ɗan lokaci. Akan koma ga tiyatar cire ɓangaren faifan da ya turo idan ciwon ya ƙi sauƙi bayan mako 6 zuwa 12 na jinya, ko raunin ƙafa yana ƙaruwa, ko jijiyoyin fitsari da bayan gida sun danne. Tiyata tana kawo sauƙin ciwon ƙafa da wuri, amma bayan shekara ɗaya zuwa biyu bambancin da ke tsakanin waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba yakan ragu ƙwarai.